Rajistar Jini a Sabuwa

Mas'udu ya sake danna madannin, kwamfutar ta ci gaba da juya ɗan da'irarta. Kwana biyu ke nan da yanke sabis a Sabuwa saboda 'yan bindiga. Shi da ya zo daga Katsina duba manhajar asibitin, hanya ta rufe da shi.

Sista Laraba, ungozomar asibitin, ta leƙo, hannunta cikin safa.

"Malam Mas'udu, Suwaibatu ta haihu, jini ya ƙi tsayawa. Irin nata wuyar samu gare shi, na danginta bai yi ba. Fiddo mani masu irinshi."

"Rajistar tana Katsina, Sista."

"Mi ya kai ta Katsina? Ba ga kwamfuta gabanka ba?"

Shi ya kai ta. Da can manhajar a dunƙule take cikin kwamfuta ɗaya, kati da magani da jini duk wuri guda, sashe ɗaya ya yi tari kowa ya kwanta. Bara ya farfasa ta gida-gida, kowane sashe da mazauninsa a birni, suna gaisawa ta intanet. Har tafi aka yi masa a taro. Yau kowane gida lafiya lau yake, sai dai babu mai jin kiransa.

Ya shiga sito ya jawo tsohuwar kwamfutar daga ƙarƙashin kwalaye. Ta tashi, ta cije a sashen magani, kan wani kuskure da ya tsallake ya bari bara. Ba za ta bar shi ya kai ga jini ba sai ya gyara. Minti arba'in ya yi a kai, takalman Laraba suna kai da komo a baranda. Bai taɓa jin tsoro irin wannan ba.

Da ta buɗe, mutum uku masu irin jinin ta nuna, kowa da lambar waya, babu unguwa. Shi ya cire gurbin adireshin tun farko, wai wa ya rasa waya a zamanin nan.

Ya kwafe sunayen, ya ruga masallaci ana shirin la'asar, ya roƙi ladan aron lasifika. Sau uku ya kira sunan farko, Lawwali Rabo.

Wani dattijo a sahun gaba ya ɗago kai.

"Yaro, Lawwali ai tun da aka tashi ƙauyensu ya koma Funtuwa."

Mas'udu ya duba takardar, ya kira suna na biyu.