Gorar da Aka Kafa Rumfa da Ita

Kwana uku ke nan da rasuwar Malam Shu'aibu, kuma tun daga ranar, rauta, na'urar intanet da ya kafa a ɗakin matarsa Suwaiba, jar wuta take ƙyaftawa. A unguwarsu ta bayan tashar jirgi a Kaura Namoda sabis ba ya shiga cikin gida. Shi ya sa ya sayo ta, don su riƙa ganin 'yarsu Nazifa da ke aikatau a Jidda. Ran Juma'a kaɗai uwar ɗakinta ke ba ta waya, daga ƙarfe huɗu zuwa huɗu da rabi agogon gida. Yau kuwa Juma'a ce. Nazifa ba ta san ubanta ya rasu ba, Suwaiba kuma ta rantse daga bakinta za ta ji.

Tana takaba, ba damar fita bakin titi neman sabis. Sai ta aika aka kira maƙwabciyarta Juliet, mai aikin kwamfuta a kwalejin poli.

Juliet ta kashe rautar ta kunna. Ta zare layin, ta goge da gefen zanenta, ta mayar. Ja dai.

"Maman Nazifa, akwai data, akwai caji. Wagga wayar da ta fita ta taga, ina ta nufa?"

"Sama. Wani farin abu ne Malam ya ɗaura kan gora."

Juliet ta bi wayar ta taga zuwa bayan ɗaki. Ta dawo da farin abin, eriyar rautar, a hannu, duk toka.

"A ƙasa na tsince ta. Babu gora."

Suwaiba ta tuna ran jana'iza ta ji maza suna neman dogon icen da za su tokare tamfal a ƙofar gida don masu gaisuwa. Ta sa aka kira Faruku, ƙanen marigayin. Ya tsaya bayan labule.

"Yaya, wallahi mun ɗauka gorar shanya ce."

"To ku maido ta."

"Yanzu? Liman na zaune ƙarƙashi, za a fara addu'ar uku. In zare ta tamfal ya rufto kan dattawa?"

Suwaiba ta juya. "Juliet, ƙarfe nawa?"

"Huɗu saura biyar."

"Faruku, kai ka ga fuskar ɗan'uwanka kafin a kai shi. Ita ba ta gani ba. In kiranta bai shigo nan ba, wani za ta kira, ya yi mata gaisuwa tana tsaye a kicin ɗin mutane."

Faruku ya tuɓe babbar riga, ya karɓi eriyar, ya taka turmi ya hau katanga, daga nan ya kama kwanon ɗaki mai zafin rana. Ya miƙe tsaye, ya ɗaga hannu iya tsawonsa.

"Juya wajen kasuwar hatsi," in ji Juliet ta taga. "Ƙara kaɗan. Ka wuce, Alhaji, dawo. Tsaya nan, ko atishawa kar ka yi."

A waje liman ya fara addu'a. Huɗu ta gota da minti bakwai. Wutar rautar ta ɗauke, ta dawo ja, sannan ta zama koriya.

Wayar Suwaiba ta kama ruri. Juliet ta danna mata, ta fita ta ja ƙofa.

Fuskar Nazifa ta bayyana, tana dariya.

"Inna, sau huɗu ina kira. Baba ya hana ki wayar ne?"

"Nazifa," in ji Suwaiba, "nemi wuri ki zauna tukuna."