Yajin 'Yan Caina a Kwanon Ciyayya

A ƙauyenmu, gabas kaɗan da Tsanyawa, maza ba sa cin tuwon dare a cikin gida. Ana idar da sallar magariba kowane magidanci zai shiga ya ɗauko kwanonsa, a haɗu a tabarmar ƙofar gidan Malam Nababa, limamin unguwa, a jera kwanukan a tsakiya, a riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya ana ci tare. Ciyayya ke nan, kuma gida bakwai ne a tamu. Maza suna cewa zumunci ne, to su suka sani. Mu mata abin da muka sani shi ne, kwanon da ya dawo tas, matar gidan ta iya girki. Wanda ya dawo da saura kuwa, kafin hantsi an gama da ke a bakin rijiya.

Shekarata goma sha ɗaya a gidan mijina, wanda nake kira Malam. Sunansa ba zai fito daga bakina ba, kwa ji shi a bakin wasu. A duk shekarun nan kwanona bai taɓa dawowa da ko loma ɗaya ba, kuma ina taƙama da hakan, ba zan ɓoye ba. Sai ga shekarar da aka janye tallafin mai, komai ya yi tashin da ba a taɓa gani ba. Taki ya gagara, geron bara bai yi auki ba. Damina ta yi tsaka, sabon gero bai ko fitar da kai ba, ni kuwa in na zura hannu a rumbu sai na ji ƙasa.

Da can abin da ya kwana a tukunya shi nake ɗumama wa 'ya'yana biyu, Sauda da Furera, su ci su tafi makaranta. Yanzu garin da nake tuƙawa, in na cika kwanon ciyayya da malmala uku, abin da ya rage bai fi mu lasa mu kwanta ba. Da safe babu ɗumame. Sai in dama musu koko tsararo wanda za ka iya hango gindin kofi ta cikinsa, su sha su fita. Furera, ƙaramar, ta daina guje-guje a hanya. Wannan ne ya fi ci min rai.

Na ce wa Malam, "A rage kwanon nan mana, a mayar da shi malmala biyu."

Ya ce, "Haba Hure. In fita da rabin kwano a gaban mutane? Me za a ce da ni?"

Na cika kwanon kamar kullum. Shi ana sallar asuba yake saɓa fartanya ya tafi gona, bai taɓa ganin abin da yaran ke karyawa da shi ba. Ni kuma girman kai ya hana ni in buɗe baki in ce masa gidansa ana wuni da yunwa. Har yaran na ja wa kunne kada su faɗa.

Ana cikin haka yayana Ɗanliti ya zo gaishe ni ranar kasuwa. Ɗanliti ya yi shekara biyu yana taya kuku aiki a sansanin 'yan Caina masu gina titi, da aiki ya tsaya aka sallame su. Bai dawo da abin kirki ba sai wani baƙin kasko mai zurfi da surutu. Kowace magana tasa sai ta biya ta Caina. Wai suna cin ganyen kabewa, suna cin ƙafar kaza, suna yanka nama siri-siri su watsa a mai kafin ka ƙifta ido ya dahu. Na ce masa duk wannan sai mai nama da mai, ya bar ni da kukata da daddawata.

Ya ce, "Ke dai ba ni busasshen barkono, irin ƙananan nan. Da tafarnuwa da citta. Kina da fasaƙwari?"

Ina da shi, na yajin jego ne da ya rage tun haihuwar Furera. Ya ce su ma suna da wani ɗan iri kamarsa mai kashe harshe, ba sa girki sai da shi. Ya sa na kirɓa su sama-sama, ba luƙui ba, ya zuba a kwanon sha. Ya tsiyaye ɗan man gyaɗan da ya rage min a gindin kwalba, ina kallo raina yana ɓaci, ya ɗora a wuta har ya fara hayaƙi, sannan ya kwarara a kan barkonon. Ya yi cuuu, ya yi ja wur. Akuyarmu da ke ɗaure a turke sai da ta yi atishawa.

Na dangwala da ɗan yatsa na lasa. Da farko ƙamshi, har na fara cewa ba laifi. Sai wuta ta kama. Sai kuma harshen ya mutu, leɓena suka hau rawa su kaɗai, na rasa inda bakina yake. Na sha ruwa moɗa biyu, ruwan ma ya koma wani iri. Ɗanliti yana ta dariya har da riƙe ciki, wai ai ɗigo ɗaya ake sawa. Ni kuwa ina tsaye da hawaye a fuska, wata dabara ta faɗo min.

Ga yadda na lissafa. Man nan a sama yake tsayawa, ba ya ratsa tuwo. In na malala shi a kan miyar kwanon ciyayya, kowa zai kai loma ɗaya ya janye hannu, su koma kan sauran kwanuka shida. Nawa ya dawo da malmalarsa, in yaɗe saman in zubar, da safe in ɗumama wa yara cikin. Za a yi da ni a bakin rijiya, na sani. Na ce a yi, ba a kaina aka fara ba.

Daren farko na zuba cokali biyu, na rufe, na miƙa wa Malam da hannu biyu kamar mutuniyar kirki. Na zauna ina jira, har na wanke tukunyar da zan ajiye tuwon. Kafin a kira isha ya shigo ya dire kwanon. Na buɗe. Tas, kamar an wanke.

Na dubi fuskarsa. Idanunsa sun yi ja, hular tana hannu, gumi har wuya. Ya ce, "Sannu da aiki," da wata murya kamar ta mai mura, ya wuce wajen randa.

Haushi ya turnuƙe ni. Na ce lallai yunwar bana ta kai inda ta kai, tunda ƙarti bakwai sun iya lamushe wannan. Zargina duk ya tafi kan Basiru, maƙwabcinmu, wanda lomarsa ɗaya ta kai rabin malmala. Washegari na ninka, cokali huɗu, na ƙara fasaƙwari. Kwano ya dawo tas. Rana ta uku na sayar da ƙwan zabina biyu na sayo mai da wani barkonon, na soya sabo, har maƙwabta suna tari ta bayan katanga suna tambaya ko wani abu ne ya ƙone. Na malala shi har miyar kukar ta ɓace a ƙarƙashi. Na ce yau in Basiru ya cinye wannan, to ba mutum ba ne.

Kwano ya dawo tas.

Malam kuwa ya koma wani iri. Leɓensa sun kumbura, ba ya son doguwar magana, buta ba ta rabuwa da hannunsa. Kafin ya tafi gona sai ya zaga bayan gida sau uku. Na lura, amma ko a jikina. Na ce kason da ya ci ne a cikin bakwai, shi ya ja wa kansa da ya ƙi rage kwano.

Safiyar rana ta huɗu ina shara, Larai matar Basiru ta leƙo ta kan katanga. Larai ba ta iya riƙe magana, in ta kwana da ita ciwo take sa mata.

Ta ce, "Hure, wai me Malam Muntaka ya yi miki ne?"

Na ce, "Kamar yaya?"

Ta ce, "Ke ma kya faɗa. Maigidanmu ya ce tun daren farko da aka buɗe kwanonki, Malam Nababa ne ya fara kai loma. Wai dattijon nan sai da ya shanye ruwan alwalarsa, ya kasa jan sallar isha, sai wani aka sa. Maigidanmu ya ɗanɗana shi ma ya ce a kai kasuwa. Tun daga ranar babu wanda ya ƙara taɓawa."

Na tsayar da tsintsiya. Na ce, "To wa yake cinyewa?"

Ta ce, "Mijinki mana. Yana ganin an janye hannu sai ya jawo kwanon gabansa, ya ce shi ya sa a yi masa haka, wai maganin sanyin damina ne. Shi kaɗai yake tashi da malmala uku, yana ci yana hawaye, har ya suɗe. Jiya sun ce masa ya bari haka, ya ce daɗi ne ya sa shi kuka. Kuma ba ya iya taɓa na kowa bayan nan, bakin ya riga ya mutu."

Ban san sanda na zauna a kan turmi ba. Dariya ta zo min, kuka ya zo min. Kwana uku ina yaƙi da Basiru, ashe bawan Allah ko kusa da kwanon ba ya zuwa. Kuma tuwon da na so 'ya'yana su karya da shi, ubansu ne yake tura shi cikinsa da azaba.

Da azahar ya dawo daga gona, na shimfiɗa masa tabarma a inuwa, na kawo ruwa. Na bari sai da ya sha.

Na ce, "Malam, ashe kai ka sa a yi maka yajin nan? Ban tuna sanda ka faɗa min ba."

Ya dube ni, ya kawar da kai. Ya ce, "Larai ce ko?"

Na ce, "Ita ce. Me ya kai ka?"

Ya daɗe yana murza yatsun ƙafarsa. Sannan ya ce, "Shekara goma sha ɗaya kwanonki bai dawo da saura ba. Na ga hannunki ya ɓaci kwana biyu, na ce ko wahalar bana ce ta taɓa ki. Ba zan shigo da shi a cike matan unguwa su samu abin faɗa a kanki ba."

Wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Na ce, "Hannuna lafiyarsa ƙalau. Da gangan na yi. So nake kwanon ya dawo."

Ya ce, "Ya dawo? Don me?"

Sai na faɗa masa. Rumbun, kokon, da yadda Furera ta kwanta a aji shekaranjiya malaminsu ya aiko a tambaya ko ba ta da lafiya. Na faɗa masa ni na hana yaran magana. Bai katse ni ba. Da na gama ya tashi ya je rumbun da kansa, ya ɗaga murfin ya leƙa, ya daɗe a tsaye a wurin. Da ya dawo bai yi faɗa ba, ni kuwa na so ya yi.

Can ya ce, "Man nan, da saura?"

Na ce, "Da saura."

Ya ce, "To yau ki zuba. Amma don Allah a gefe ɗaya, kada ki ɓata tuwon duka."

Da magariba ya ɗauki kwano ya fita. Ban iya zama ba, na je na laɓe a zaure ina jiyo su. Aka ci na gidan liman, aka ci na gidan Basiru. Da aka zo kan nawa sai wurin ya yi tsit. Na ji Malam Nababa ya yi gyaran murya ya ce, "Bismilla, Malam Muntaka, ga maganin sanyinka."

Malam ya ce, "A'a, Allah gafarta Malam, na warke. Yau kam ko ni na sallama. Wannan girki na Hure ba ya ciwuwa."

Aka kwashe da dariya, har da masu tafa hannu. Ina jin sunana yana yawo a bakin maza, na san gobe zai yi yawo a bakin mata. Ya yi min zafi, ba zan ce bai yi ba. Na koma ciki da sauri kafin ya tarar da ni. Ya shigo ya miƙo min kwanon, na karɓa, nauyinsa sai da ya ja hannuna ƙasa.

Da safe bai tafi gona da wuri ba. Na yaɗe saman tuwon, na yanka sauran a tukunya da 'yar miyar da na ɓoye, na ɗumama. Ya zauna a bakin ƙofar ɗaki da fartanyarsa a gefe yana kallon yaran suna ci, hannu baka hannu ƙwarya. Furera ta ɗago ta gan shi, ta gutsuro loma ta miƙa masa.

Ya ce, "Ci abinki, uwata. Bakina ciwo yake."

Da gaske ciwon yake, amma ya juya fuska wajen turken akuya ya daɗe bai juyo ba.

Bayan sun fita duka, ina wanke tukunya, na ji motsi a kan katanga. Larai ce. Na gyara tsayuwa, na shirya jin abin da aka ce a bakin rijiya, na kuma shirya amsar da zan ba ta. Ta waiga bayanta, ta zaro wata 'yar kwalba da babu komai a ciki daga cikin zaninta ta miƙo min, idonta a ƙasa. 'Ya'yanta biyar ne.

Ban tambaye ta ba. Na shiga ɗaki na zuba mata rabin man yajin, na ce ta sa a gefe ɗaya.