Rumbun Innar Abdulganiyu

Ranar Laraba ce, hadari ya haɗo ta gabas tun da hantsi amma ya ƙi sakin ruwa, garin Gumel ya ɗauki zafi kamar an rufe tukunya. Ina ƙofar gida ina fama da babur ɗina da ya ƙi tashi, sai na ji Yaya Abdulganiyu yana ƙwala mini kira ta kan katanga.

"Dogo! Rabu da wannan tsohon ƙarfen, zo ka ga sata da idonka."

Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasa. Ni tun ina aji biyu a sakandare na watsar da boko. Na yi cajin waya, na sayar da fetur a kwalba, na ƙare a acaɓa. Shi kuwa sana'arsa sai da ya sha yi mini bayani kafin ta shiga kaina. Akwai wasan tuƙa jirgin sama a kwamfuta da mutane ke yi a ƙasashe da dama. Ƙasar da ake hangowa daga cikin jirgin, da gidajenta da titunanta da bishiyoyi, wasu ne ke zama su gina ta, su sa a intanet a saya. Shi tamu yake ginawa. Ni nake goya shi mu zaga ƙauyuka yana ɗaukar hoton rijiyoyi da kukoki da rufin kwano, mutane suna ta zaton ɗan haraji ne.

Na same shi durƙushe a gaban kwamfutar, ko riga babu.

"Wannan Gumel zuwa Maigatari ne, aikina. Karanta sunan da ke ƙasa."

"Yazid," na ce. "Kai! Yazid ɗinka?"

Yazid ɗan Maigatari ne. Yaya ne ya koya masa aikin, a tsakar gidan nan suke cin tuwo kwano ɗaya, har bara suka rabu kan sunan wa zai zo a gaba.

"Wai shi ya gina da hannunsa. To duba nan." Yaya ya saukar da jirgin ƙasa-ƙasa a kan unguwarmu. Ga masallaci, ga gidanmu, ga nasa. A tsakar gidan kuma ga wani rumbun ƙasa da jinkarsa ta ɗan karkace.

"Yaya, ai babu rumbu a gidan nan."

"Na Innata ne, na Ɗanzomo. Ruwa ya cinye shi a shekarar da ta rasu. Daga kaina na ɗauko shi na ajiye a nan. Ka gaya mini, a hoton wa Yazid ya gan shi?"

Ya kai ƙara wurin masu shafin da ake sayarwa, suka ce su je su sasanta tsakaninsu. Cikin fushi ya sauke nasa gaba ɗaya, ya ce ba zai jera kayansa kusa da na sata ba.

"Gobe kasuwar Maigatari, yana shagonsa. A gaban jama'a zan buɗe masa rumbun."

Matarsa Safara'u ta leƙo daga madafa. "Malam, ka ci abinci tukuna. Ɓarawon da ke da shago ai ba gudu zai yi ba."

Muka yi dariya, har da shi. Na ce zan kai shi, ya ce babur mai tari ba zai ɗauki kwamfutarsa a cikin ruwa ba, mota zai shiga. Tun da ya fara zargin an kwashe masa aiki, ba ya barin komai a gida. Kwamfutar da filashin da yake ajiye kwafi, duk a jaka ɗaya suke, rataye a ƙirjinsa.

Ranar Alhamis ruwan ya sauko. Bayan azahar wani abokin acaɓata ya kira ni. Tayar motar da Yaya ya shiga ce ta fashe a hanyar Maigatari, ta wuntsila cikin kududdufi. Sauran fasinjoji sun fita da rauni. Yaya bai kai asibiti ba.

Na tsaya da wayar a kunne, ina ta cewa, "Wane Abdulganiyun?" kamar muna da goma. Kafin magariba mun rufe shi. Jakar ni aka miƙo wa, tana ɗigar da taɓo. Kwamfutar ta lanƙwashe gida biyu, filashin ya dagargaje.

Ranar sadakar uku, bayan mutane sun ragu, sai ga Yazid ya shigo zaure da tasa kwamfutar a hammata. Idanunsa sun kumbura. Na miƙe na tare shi.

"Me ya kawo ka?"

"Dogo, don Allah. Titunan ni na zana, wallahi ni na zana su."

"Rumbun fa?"

Ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago sai ya ce, "Sabon aikin da yake yi, na Gagarawa da Sule Tankarkar, ku ba ni in ƙarasa, in sa sunansa. Ina kwafin?"

Na jawo jakar daga bayan ƙofa na zazzage masa a kan tabarma. Ya dubi tarkacen, ya dube ni.

"Na shafin fa?"

"Ya sauke. Saboda kai."

"Innalillahi! Kana nufin babu ko'ina?"

"Sai wanda ke hannunka."

Ya zauna daɓas a ƙasa. Aikin da Yaya ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kai, babu abin da ya saura a duniya sai wanda aka sace.

Daga bayan labule muryar Safara'u ta fito. "Dogo, ce masa ya buɗe. Ya goge sunansa, kana kallo."

Yazid ya buɗe. Na ga sunansa ya ɓace harafi bayan harafi, na Abdulganiyu ya hau. Ya tura wa shafin, ya juyo mini da allon in tabbatar.

"Yanzu kawo mini kwamfutar ciki," in ji ta.

Yazid ya tayar da jirgin, ya daidaita shi a kan unguwarmu, ya miƙo mini. Na shiga na ajiye mata a kan turmi, na ja baya.

Abin da ya tafi a kududdufin nan ba shi da wuyar faɗa: mutum ɗaya, kwamfuta ɗaya, filashi ɗaya, da garuruwa biyu da babu wanda zai taɓa hango su daga sama yadda ya gina su.

Safara'u ta gyara lulluɓinta ta matso. Jirgin yana kewaya gidan a hankali. Ta daɗe tana kallon rumbun da karkatacciyar jinkarsa, sannan ta ɗaga kai ta dubi gurbinsa a tsakar gida, inda akuyarsu ke kwance a jiƙaƙƙiyar ƙasa tana tuƙa.