Sitiyarin Vernon

Noreen na kwance rigingine a ƙarƙashin motar, tsatsa na zubo mata a fuska, ta sake danna doguwar sifana a kan notin da ya ƙi motsi tun safe. Daga inda take ƙafafu kawai take hange: na mahaifinta Vernon, da na abokansa biyu, Hollis da Dewey, sun jera kujeru a bakin gareji kamar masu kallon dambe.

"Har yanzu ba ta fito ba?" Muryar Dewey ce.

"Ta ina za ta fito?" in ji Vernon. "Shigar ma da ƙyar ta shiga. Sai dai mu kira janwe ya zaro ta."

Suka kwashe da dariya. Noreen ta cije leɓe, ta tokare ƙafa da taya, ta ja da dukkan ƙarfinta. Notin ya yi ƙara ya saki, bayan hannunta ya daki ƙarfe, fata ta saɓule. Ta tsotse jinin, ba ta yi ko tari ba. Shekarunta hamsin da 'yan kai, kuma tun tana yarinya ta san cewa a garejin nan duk wanda ya ce wash, ya ba da abin dariyar mako guda.

Motar ja ce wur, ƙirar 1970, mai dogon hanci da injin silinda takwas wanda in aka tashe shi gilasan maƙwabta sai sun yi rawa. Vernon ya saye ta sabuwa fil lokacin yana matashi a masana'antar motoci da ke Flint. An rufe masana'antar, matarsa ta rasu, ɗansa Curtis ya koma Arizona ya manta hanyar gida, amma motar tana nan. Kowace shekara ranar huɗu ga Yuli, ranar bikin 'yancin kan Amurka, ita ke jan gaba a faretin garin, Vernon na tuƙi, ana watsa alawa ta taga, yara na rububi a bakin titi har suna kusan shiga ƙarƙashin tayoyi. Saura mako guda a yi na bana.

A makon da ya wuce ne Vernon ya kwashe akwatin wasiƙun maƙwabcinsa da ke kafe a bakin titi da gefen motar. Ya kira Noreen a waya, ko gaisuwa babu, ya ce akwatin sitiyari ya cinye, motar tana yawo a titi kamar mashayi, ya sayi sabo, ta zo ranar Asabar ta ɗaura. Aikinta ke nan, gyaran motocin bas na makarantun gundumar. Ta zo.

Ta zare hannun ƙarfen da ke haɗa akwatin da tayoyi, ta kwance tiyo, jan mai ya tsiyayo mata har gwiwar hannu. Da ta cire ƙusoshin da ke riƙe akwatin a jikin shasi, ya faɗo mata a ƙirji da nauyinsa. Ta turo kanta waje tana haki.

"Ga ta nan, an haihu lafiya," in ji Dewey.

"Da Curtis ne, da tuni muna kan titi," in ji Vernon. "Yaron nan yana da hannu. Wannan kuwa, ƙarfi kawai Allah ya ba ta, kamar bijimi."

Curtis bai taɓa canza ko baƙin mai ba a rayuwarsa. Kowa a wurin ya sani. Hollis, wanda ya fi su shiru, ya sunkuyar da kai yana murmushin da bai kai zuci ba.

Noreen ta ɗora tsohon akwatin a kan tebur, ta danne shi da hannu ɗaya, ta murɗa sandarsa da yatsu. Ya ɗan yi lako-lako, irin na tsufa. Ta sake murɗawa. A'a. Wannan ɗan wasan bai isa ya kai mota kan akwatin wasiƙu ba. Ta juya ta dubi mahaifinta. Rana ta take, gumi na bin wuyan kowa, amma shi ya cusa hannunsa na dama a ƙarƙashin hammatarsa ta hagu, ya matse kamar mai jin sanyi.

"Me kike kallo? Fuskata za ki ɗaura wa motar?"

Ta ɗauki sabon akwatin ta koma ƙasa.

Sai bayan azahar ta gama. Ta tsayar da sitiyari a tsakiya, ta ɗaure komai tam, ta zuba sabon mai, ta yi ta juyawa hagu da dama har iska ta fita. Duk tsawon lokacin nan Vernon na ba abokansa labarin mijinta da ya gudu da wata mai sayar da kofi a gidan mai, labarin da suka ji ya fi a ƙirga. Ya ƙara masa gishiri a yau: wai mutumin ya ce gara ya kwana da injin bas, aƙalla shi in ya yi zafi yana hucewa.

Ta sauke motar daga kan jak, ta zagaya unguwa ita kaɗai. Motar na tafiya sambal. Ta saki sitiyari a miƙaƙƙen titi, ko gezau.

"Ta yi," ta ce da ta dawo.

"Ke ce za ki faɗa min ta yi? Matsa."

Ya shiga mazaunin direba, ta zagaya ta zauna a gefensa. Ya yi ƙoƙarin zura makulli, bakin makullin na ƙwanƙwasa ƙarfe, kas, kas, kas, kafin ya shiga. Ta kawar da kai ta dubi taga.

Sun fita layinsu lafiya. Da suka hau babban titi ya taka totur, injin ya yi ruri, fuskar tsohon ta washe. A 'yan daƙiƙun nan sai ta ga mutumin da ta sani tana ƙarama, wanda take laɓewa a bayan ƙofa tana kallo yana wanke motar nan, tana fatan ya ce ta miƙo masa soso. Sannan hancin motar ya fara karkata. Ya taka layin rawaya, ya dawo, ya sake takawa. Wata babbar mota da ke tahowa ta danna hon mai tsawo.

"Kin gani ko? Kin ga aikinki?"

"Baba, rage gudu."

"Rufe min baki."

Hannunsa na dama na karkarwa a kan sitiyari, yana fizgarsa kaɗan-kaɗan, na hagu na kokawar gyara abin da na dama ya ɓata. A gaban filin wasan yara wata mata ta tura keken jariri zuwa bakin titi, tana jiran ta tsallaka. Motar ta nufe ta kai tsaye. Noreen ta ga bakin matar ya buɗe. Ta kai hannu ta finciko sitiyarin, taya ta goge dakalin titi da ƙara, suka wuce keken da ɗan taƙi kaɗan.

Vernon ya taka birki. Kafin motar ta gama tsayawa ya kai mata mari da bayan hannu, zobensa ya fasa mata leɓe.

"Kar ki ƙara taɓa min sitiyari ina tuƙi!"

Ta miƙa hannu ta kashe motar, ta zare makulli. Can baya matar na ta ihu tana zagi, jaririn na tsala kuka.

"Baba, ba akwatin ba ne," ta ce a hankali. "Hannunka ne."

Bai kalle ta ba. Ya mayar da hannun ƙarƙashin hammata.

"Ka je wurin likita?"

"Likita ba ya tuƙa min mota."

"Ke nan ka je. Tun yaushe ka sani?"

Ya juyo, idanunsa jajur, muryarsa a ƙasa. "Uwarki tana kan gadon mutuwa tana roƙona in yi haƙuri da ke. Na yi. Mijinki ya gwada, bai iya ba. Babu abin da kika taɓa sa wa hannu ya miƙe, Noreen, babu. Yau kuma kin taɓa motata, za ki ce hannuna ne?"

A nan ta gane. Ba gyara ya kira ta ta yi ba. Tun kafin ya sayi akwatin ya san ba shi ne matsalar ba. Wanda zai ɗora wa laifi yake nema, shi ya sa ya gayyato 'yan kallo ya jera musu kujeru.

"Sauka ka zagayo," ta ce. "Ni zan mayar da mu."

Ya zage ta, ya zagi ranar da aka haife ta. Amma matar can ta fito da waya tana nuno su, sai ya sauka ya zagayo.

Hollis da Dewey suka miƙe da suka ga wadda ke tuƙi. Vernon bai bari ta gama tsayawa ba ya buɗe ƙofa.

"Ta kashe min mota! Saura kaɗan mu hallaka wata baiwar Allah da jaririnta. Sitiyarin ya fi da lalacewa. Na faɗa muku, ai na faɗa muku tun safe!"

"Kai, Noreen," in ji Dewey yana girgiza kai. "Ke da ke gyara motocin da ke ɗaukar jikokinmu?"

Hollis na kallon leɓenta da ya kumbura.

"Ranar Litinin zan kai ta wurin bakanike na gaske," in ji Vernon. "Namiji. Ya warware shirmen nan kafin fareti. Ba ni makullina."

Ta tsaya da makullin a tafin hannu. Bakaniken zai duba ya ce komai daidai. Vernon zai ce an gyara. Ranar fareti kuma zai ja gaba, yara na tsere a gefen tayoyinsa. Tana iya jan Hollis gefe ta yi masa magana a asirce. Tana iya kiran likitan. Tana iya tafiya da makullin kawai, ta bar shi ya yi ta zaginta har bikin ya wuce. Duk ta san da waɗannan hanyoyin. Amma leɓenta na zafi, kuma dariyar safe ba ta bar kunnenta ba.

Ta sa makullin a aljihu, ta je kan tebur, ta tona cikin gwangwanin tarkace, ta ɗauko ƙaramar ƙusa mai zare da notinta.

"Ga shi, Baba. Ɗaura wannan a kan wannan. In ka ɗaura, in ba ka makulli, in kuma durƙusa a gaban abokanka in ce ni na ɓata."

"Wane irin wasan banza ne wannan?"

"Kai da ka yi shekara talatin kana ɗaura noti a masana'anta? Kawu Dewey, ba kai ke ba mu labari ba, cewa ido rufe yake yi, yana hira?"

"Ƙwarai kuwa!" in ji Dewey yana dariya, bai san inda aka dosa ba. "Vernon, nuna mata. Kunyata ta."

"Bar shi haka, Noreen," in ji Hollis a hankali.

"A'a, Kawu Hollis. Tun safe kuke kallo. Ku ƙarasa."

Vernon ya dubi Dewey, ya dubi Hollis. Babu hanyar fita. Ya zaro hannun daga hammata, ya karɓi ƙusar da hagu, notin da dama. Ya kusanto da su. Notin na rawa tsakanin yatsunsa, ya daki kan ƙusar ya goce. Ya sake gwadawa. Ya matse gwiwar hannu a jikin haƙarƙari, ya riƙe numfashi, jijiyoyin wuyansa suka tashi. Ƙarfe na taɓa ƙarfe, ƙaramar ƙara mai sauri, kuma ita kaɗai ake ji a garejin. Dariyar Dewey ta mutu a bakinsa. Noreen ba ta ɗauke ido ba ko sau ɗaya.

A karo na gaba notin ya suɓuce, ya faɗi kan siminti, ya gangara.

"Maiƙo ne," in ji Vernon. "Ta ba ni mai maiƙo da gangan." Ya dafa bamba, ya durƙusa da ƙyar, ya fara lalube a ƙasa.

Hollis ya naɗe kujerarsa. "Matata na jirana," ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba. Dewey ya bi bayansa. Ba su ma kai bakin titi ba muryar Dewey ta dawo cikin garejin, don shi bai taɓa iya raɗa ba.

"To yanzu wa zai ja gaba ranar fareti? Ka san bayan tasa, tawa ce mafi tsufa."

"Taka mai hayaƙin nan?" in ji Hollis. "Kwamiti ba zai yarda ba. Tawa dai."

Suka tafi suna gardama.

Vernon ya ji. Kafaɗunsa suka tsaya cak, sannan ya ci gaba da lalube, yana rarrafe, yana shafa siminti da hannun da ke karkarwa, ƙarƙashin tebur, bayan jak, cikin jan man da ya zube. Daga sama Noreen na ganin tsakiyar kansa, gashin ya zube, fatar ta yi tabo-tabo. Ta jira daɗin da ta yi shekaru tana tsammani ya zo. Babu abin da ya zo sai ɗanɗanon jini a bakinta.

"Nan ya faɗo," ya ce, muryarsa ta shaƙe. "Bari in same shi, ki gani. Zan ɗaura." Ya ɗago kai ya dube ta daga ƙasa. "Noreen, ba ki ga inda ya shiga ba?"

Notin na ƙarƙashin takalminta. Tana jin ɗan tudunsa a tafin ƙafa.

"Ban gani ba, Baba," ta ce.