Maɓallai a Gefen Maza

Tun da na bar aikin gidan waya na shiga ƙungiyar masu zane da ke haɗuwa duk Laraba a ɗakin karatun unguwarmu a Winnipeg. Ba wani gwaninta gare ni ba, shirun gida ne ya koro ni. Da kaka ta shigo, ganye ya fara zuba, aka ce kowa ya zana matan da ya sani cikin kayan sanyinsu, za a liƙa a bango ƙarshen Oktoba.

Matan da na sani? Maƙwabciyata ko gaisuwa sai ta ga dama. 'Yata tana Calgary, sai waya ranar Lahadi, ita ma a gurguje. Na gwada zana masu jiran bas, amma kafin in gama kafaɗa ɗaya sun shige. Sai na je shagon gwanjo na kwaso kwat shida da gyalen ulu. In saka, in tsaya gaban madubi, in zana, in ƙirƙiro fuska in ɗora. Har suna na raɗa musu. Da aka tambaye ni na ce ƙawayena ne. Abin da nake tsoro a duniya shi ne a gane ba ni da kowa.

Ranar da muka liƙa zanen, mutane suka yi ta yabo, ni kuwa ina ta fankama. Sai ga Vera, wata tsohuwar tela mai bakin tsiya da ke cikin ƙungiyarmu, ta gyara tabarau ta kafa wa zanena ido har na ƙosa. Ta jira kowa ya tafi wajen shayi da kek, sannan ta matso.

"Glenda, ƙawayen nan naki duk kayan mazajensu suke sawa ne?"

"Kamar yaya?"

"Ke dai! Shekara arba'in ina ɗinki. Kwat ɗin mace maɓallanta a hagu suke. Naki duk shidan a dama." Ta rage murya. "Madubi ne ke juya su haka."

Kunya ta rufe ni. Na jira ta yi dariya ko ta kira sauran, amma ba ta yi ba. Sai ta shiga gyara wuyan rigarta, ba ta ko kallona.

"Ina da wata koriyar kwat, ni na ɗinka ta. Tun rasuwar maigidana ban sa ta ba, don ba inda nake zuwa. Ranar Juma'a ba abin da nake yi. Na iya tsayuwa a zana ni, in dai akwai shayi."

Wallahi raina ya so. Amma girman kai mugun abu ne, bakina ya riga ni.

"Ayya, Juma'a ina tare da su Marlene."

Marlene ita ce mai jar kwat, ta uku daga hagu. Vera ta dubi zanen, ta dube ni, ta gyaɗa kai.

"To, ki gaishe ta."

Ta ɗauki jakarta ta fita. Laraba ta zagayo ba ta zo ba, ta gaba ma haka. Na tambayi lambar wayarta a ƙungiya, aka dubi juna. Ashe duk cikinmu ba wanda ya taɓa karɓa.