Ranar da Aka Yi wa Mugu Tafi

Malam Abdulsalami bai taɓa tunanin yin fim ba sai da ƙanensa Dabo ya rasu. Dabo ɗan acaɓa ne a Lafiya, yana ɗaukar fasinja daga tasha zuwa kasuwa da ƙauyukan gefe. Da fari ya soma shan ƙwaya ne don kada gajiya ta kayar da shi a kan babur, daga baya ta zame masa abin da ba ya iya fita sai da ita. Wata ranar kasuwa a daminar 1994 ya shige ƙarƙashin motar doya a hanyar Agyaragu. Ko asibiti ba a kai da shi ba.

Abdulsalami malamin firamare ne, kuma shi ke jan wata 'yar ƙungiyar wasan kwaikwayo da ke yin wasa a makarantu ranar ba da hutu. Bayan sadakar arba'in ya zauna ya tsara labari, ya sa masa suna Ƙasan Buhu. Labarin wani dillalin gyaɗa ne da ake kira Manaja, wanda yake ɓoye ƙwaya da wiwi a ƙasan buhuna, yana raba wa 'yan acaɓa da leburori. Wani saurayi mai babur ya faɗa hannunsa, ya lalace, ya mutu a titi, a ƙarshe 'yan sanda suka kama Manaja. Abin da Abdulsalami yake so ke nan: matasan garin su gani da idonsu, jikinsu ya yi sanyi.

Kyamara ta Terngu ce, wani ɗan Tibi mai ɗaukar bidiyon biki da suna. Wanda zai fito a Manaja ne ya yi wuyar samu, sai da Abdulsalami ya yi ta sintiri wurin abokinsa na ƙuruciya, Ashafa, mai kemis a unguwar Sabon Pegi. Ashafa dogo ne mai gemu da kakkaurar murya, amma mutum ne mai sanyin hali.

"Ni da ko kaza ba na iya yankawa, ni za ka mayar mugu?" in ji Ashafa.

"Muryarka nake so da tsayinka. Aikin lada ne, Ashafa. Ka tuna Dabo."

Da aka ambaci Dabo, Ashafa ya yarda. Ya kuwa yi aikin fiye da yadda kowa ya zata. Shi ya ƙirƙiro wa Manaja tafiyar ƙasaita, da baƙin tabarau, da wata kalma da yake faɗa duk lokacin da yaransa suka dawo daga hanya. Sai ya ƙwanƙwasa zobensa a tebur, ya ɗaga gira, ya ce, "Kaya sun iso Lafiya?"

An fara nuna fim ɗin wata Asabar bayan la'asar a gidan kallon Ɗanmusa da ke bayan tasha. Rumfa ce ta kwano da aka rufe gefenta da tamfol, ga bencina, ga talabijin a kan durom, janareto yana kuka a waje. Wuri ya cika har bakin ƙofa. Abdulsalami ya zauna a bencin baya, zufa tana tsatstsafo masa, yana duban ƙeyar mutane.

Ba a daɗe da farawa ba wani ya miƙe tsaye. "Kai! Ga rumfar babata nan! Wallahi ga ta can tana auna gari!"

"Zauna, ka tare mana!"

Da aka nuna motar Manaja sai gardama ta kaure kan ko ta wane ce a garin. Wasu suka ce ta mai gidan burodi ce, wasu suka rantse ta wani kansila ce. Har aka wuce wurin da saurayin ya fara karɓar ƙwaya, wurin da Abdulsalami ya fi wahala a kansa, babu wanda ya ji abin da aka faɗa.

Amma da Manaja ya shigo, rumfar ta yi tsit. Ya ƙwanƙwasa zobe ya faɗi kalmarsa, sai tafi ya ɓarke, har da fito. Duk fitowar da ya yi bayan nan, tun kafin ya buɗe baki samari sun riga shi faɗa.

Sai aka zo wurin haɗarin. Ranar da aka ɗauki wannan wuri Abdulsalami kuka ya yi, har sai da Terngu ya kashe kyamara aka jira shi. Saurayin yana kwance a gefen titi, babur a kansa, jini ya jiƙa masa riga. Wani daga gaba ya kwaɗa murya.

"Zoɓo ne wannan! Ku miƙo kofi!"

Rumfar ta kwashe da dariya. Ga kuma wata akuya da ta ratso ta bayan gawar ta tsaya tana kallon kyamara, abin da Abdulsalami bai taɓa lura da shi ba sai yau. Mutane suka riƙe ciki. Da 'yan sanda suka sa wa Manaja ankwa kuwa, sai ihu ya tashi, "Ba mu yarda ba! Cuta ce!" Wani ya jefi talabijin da ɓawon lemo.

Abdulsalami ya tsaya a ƙofa ana fita, yana tambayar duk wanda ya sani me ya ɗauka a fim ɗin. Wani mahauci ya ce ya yi kyau, sai dai babu faɗa irin na 'yan Chana. Wani tela ya ce da an sa waƙa ko guda ɗaya. Wani kuma ya ce wandon ɗan sandan bai kai masa idon sawu ba, ina aka taɓa ganin haka. Wani ɗan acaɓa da ya san Dabo sarai ya riƙe hannunsa ya girgiza, Abdulsalami ya zaci maganar Dabo zai yi.

"Malam, don Allah a ina aka sayo tabarau ɗin Manaja?"

Ɗanmusa mai gidan kallo ya fito yana washe baki. "Malam, fim ya karɓu. Kuskurenka ɗaya, kama Manaja da ka yi. Mutumin da jama'a ke so shi za ka kai gidan yari?"

"Shi ne ya kashe yaron fa, Ɗanmusa."

"Wane yaro? Au, mai zoɓo?"

Abdulsalami ya juya ya tafi gida bai yi sallama ba.

Kafin mako ya zagayo, kalmar Manaja ta cika gari. A tasha da ita ake gaisawa, 'yan kwandasta da ita suke kiran direba. Ran nan Abdulsalami ya shiga aji ya tarar da ɗalibansa suna ƙwanƙwasa tebur da murfin biro suna ɗaga gira. Ya ɗauki bulala, ya ajiye, don bai san laifin da zai ce sun yi ba.

Wata rana da yamma yana wanke kekensa a ƙofar gida, sai ga Ashafa. Ya aske gemun nan ƙwal, fuskarsa ta zama kamar ta wani mutum daban.

"Ka ga abin da ka ja mini?" in ji shi, ko zama bai yi ba. "Matan unguwa sun daina aiko yara sayen maganin zazzaɓi. Wata tsohuwa da na yi shekaru ina ɗaure mata ƙafa ta tsaya a gaban shago ta ce ashe haka nake, Allah ya tona ni. Surukina ya aiko a tambayi matata Mairo ko ta san sana'ar mijinta."

"Ai wasa ne, kowa ya san wasa ne."

"Wa ya sani? Su masu guduna da sauƙi. Masu zuwa su ne bala'in. Samari sun mayar da shagona majalisa. Ɗaya zai leƙo, ya duba hagu ya duba dama, ya raɗa mini, 'Manaja, a sallame ni da na ƙasan buhu.' In na kore shi sai ya yi dariya ya ce na iya taku. Jiya har wani baƙo mai mota ya zo daga wani gari, wai yana neman wanda zai riƙe masa kasuwar Lafiya. Na rantse masa da Allah ni mai kemis ne, ya ce ai ya sani, shi ya sa ya zo."

Abdulsalami ya ajiye tsumman wankin. Ya ce zai gyara. Ashafa ya tambaye shi ta yaya, ya juya ya kama hanya.

Washegari mai unguwa ya aiko kiran Abdulsalami. Ya tarar da dattawa a zaure, har da wakilin dillalan gyaɗa, fuska a murtuke.

"Malam," in ji mai unguwa, "mu ba mu kalla ba, amma an ba mu labari. An ce ka koya wa yara yadda ake ɓoye ƙwaya a buhu."

"Ranka ya daɗe, gargaɗi na yi. Ƙarshen mai yin haka na nuna."

Wakilin dillalai ya karɓe. "Duk sana'o'in garin nan ba ka ga ta ɓatawa ba sai tamu? Yanzu duk shingen da motarmu ta je sai an caccaka buhuna. Me ya sa ba ka ce malamin makaranta ne yake sayarwa ba?"

"Baba, da za ku zauna ku kalla daga farko zuwa ƙarshe..."

"Mu? A rumfar Ɗanmusa?" Dattawan suka dubi juna. Mai unguwa ya ce maganar ɗaya ce, a janye kaset.

Abdulsalami ya fita yana jin kamar ya fasa ihu. Waɗanda suka kalla ba su gane ba, waɗanda ya tabbata za su gane sun ƙi kallo. Duk da haka ya nufi shagon Terngu don ya karɓo kaset ɗin, ko Ashafa ya samu lafiya. Ya tarar da bidiyo biyu a jone, suna ta juyawa ana kwafar kaset ɗin.

"Oga Malam, wane kaset za ka janye?" in ji Terngu da Hausarsa ta kasuwa. "Ya riga ya tafi Obi, ya tafi Doma, har Akwanga ya kai. Wanda ya saya ɗaya, shi ma yana kwafa nasa. Ni ma shawara nake da shi. Mu yi na biyu, Manaja ya fasa gidan yari ya gudu. Mutane yana tambaya kullum."

"Terngu, ƙanena ne ya mutu."

"Na sani, Oga, sorry. Amma mutane ba ya son mai mutuwa."

Abdulsalami ya koma gida magariba ta kusa. Ƙanwarsa Rekiya ta tare shi a soro, ta ce masa a hankali, "Yaya, Inna ta gani. Maƙwabta sun aro kaset, ta shiga karɓo rariya ta tarar ana kallo, ta zauna har ya ƙare."

Ya daɗe yana ɓoye wa mahaifiyarsu fim ɗin. Ya same ta a tsakar gida tana ɓarar agushi a faranti. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa ba ta ɗago ba.

"Yaron nan mai babur, Dabo ne?"

"Shi nake nufi, Inna."

"To ba shi ba ne." Ta ci gaba da ɓara. "Wancan tun da ya fito ba ya komai sai haɗiyar ƙwaya da layi. Ko sau ɗaya bai yi dariya ba. Ba shi da uwa, ba shi da gida. Dabo kullum sai ya kai ni kasuwa kafin ya ɗauki fasinjan farko, yana tafe yana tsokanata wai na fi buhun doya nauyi. Ranar da ya rasu ma da ƙosai ya shigo mini da safe. Shi mugun ka ba shi riga mai kyau, ka ba shi magana mai daɗi, ka ba shi mota. Ɗan'uwanka ka ba shi faɗuwa a titi kawai. Da aka zo wurin, matan gidan suna ta dariyar akuya, ni ina zaune a cikinsu."

Abdulsalami ya buɗe baki zai ce don a tsorata matasa ya yi haka, sai ya ji maganar ba ta da nauyin da za ta fita. Ya zauna a ƙasa kusa da ita. Ya sa hannu yana taya ta ɓara har aka kira salla.

Terngu ya yi fim na biyu da wasu mutane, ya samo wani direban tifa ya sa masa tabarau. Abdulsalami bai kalla ba, ya kuma bar ƙungiyar wasan a hannun mataimakinsa. Ashafa ya jure har ƙarshen shekara, da ya ga ciniki ya ƙi dawowa sai ya kama shago a Agyaragu, kusa da dangin matarsa.

Ranar tashin Ashafa, Abdulsalami ya je tun da safe ba a kira shi ba. Ya cire rigarsa ya rataye a ƙofa, ya shiga ɗaukar kwalaye yana kaiwa akori-kura. Ashafa ya dube shi bai ce masa ya bari ba, bai kuma yi masa sannu ba. Suka yi ta aiki har shagon ya zama wayam. Da direba ya tayar da mota, Ashafa ya buɗe ƙofar gaba, ya tsaya da ƙafa ɗaya a ciki.

"Kantocin can ba a kafa su ba," in ji shi. "In ba ka da abin yi ran Lahadi, ka zo da guduma."

Abdulsalami ya ce zai zo.