Rigar Baraniko

Kada wani ya sake ce mini barin taba ƙarfin hali ne kawai. Duk mai faɗin haka bai taɓa naɗa ta da hannunsa ba. Ni Rereao tun ina budurwa nake sha, kuma Baraniko ne ya koya mini, a bayan coci, muna ta dariya kamar sababbin mahaukata. Shi ya nuna mini yadda ake yanka baƙar taba siri-siri, a murza ta a tafin hannu, a naɗe a busasshen ganyen bishiyar da muke kira kaina. Da muka yi aure na fi shi iyawa, sai naɗin ya dawo hannuna. Kullum da yamma, in ya sauko daga bishiyar kwakwa, kara biyu nake naɗawa, ɗaya nasa ɗaya nawa.

Bara tari ya kashe shi. Muka binne shi a gefen gida, tsakanin ɗakin girki da gwanda. Ban fasa naɗa biyu ba. In rana ta yi sanyi sai in kunna nasa, in ja sau ɗaya don ya kama, in ɗora a ɓawon kwakwa a kan kabarin, sannan in kunna nawa. Iska ta sha nasa, ni in sha nawa, ina ba shi labarin wanda ya kama kifi da wadda ta yi faɗa da mijinta. In karansa ya cinye, hira ta tashi. Wasu matan ma suna ajiye wa mazansu taba a kabari, amma ni da wuta nake ba shi, don Baraniko ba ya son abu rabi-rabi.

Ana nan sai ɗana Kaitira ya kira daga Tarawa, babban birninmu, a wayar maƙwabciyata Tabera.

"Mama, jirgin ruwa ya sake ɗaukata aiki. Uwar Meretia kuma za ta Ostareliya tsinkar 'ya'yan itace. Yarinyar ba ta da wurin zama."

"Ba ta da wurin zama? Ni na mutu ne?"

"Ba haka ba ne. Kin san ƙirjinta, asma ce. Nas ta ce ko warin taba kada ta shaƙa. In kin bari, in kawo miki ita. In ba za ki iya ba, ki faɗa mini gaskiya, in kai ta wurin surukata a Betio."

Betio! Inda mutane ke kwana kan juna kamar kifi a kwando. Jikata ɗaya tilo, wadda ban taɓa goyawa ba, sai dai in gan ta a hoto. Na ce masa ya shirya tafiya. A ranar na kwashe tabata da ganyena da 'yar wuƙata na kai wa Tabera.

Kai, na ga ta kaina. Kaina ya riƙa sarawa, bakina ya yi ɗaci, hannuwana suka rasa inda za su sa kansu. In ina zaune sai in tsinci yatsuna suna murza iska. Na tauna kwakwa har muƙamuƙina ya gaji. Na yi faɗa da kaji, na yi faɗa da tukunya, na tashi daga taron mata a coci saboda wata ta yi atishawa. Da fushin ya wuce kuma sai wani abu ya zauna mini a ƙirji, nauyi haka kawai. Gari ya waye in rasa dalilin tashi. Kifi ba ya mini daɗi, waƙa ba ta mini daɗi.

Amma wanda ya fi ci mini rai shi ne yamma. Karan ganyen nan ba ya kama wuta sai an ja. Na roƙi kara ɗaya wurin Tabera, na gwada da garwashi, na hura, na fifita, ya yi ja ya mutu. Kuma na san kaina: in na ja sau ɗaya, an gama. Sai na daina zuwa kabarin. Ina wucewa ta gefensa da bokiti, ina kawar da kai kamar mun yi faɗa.

Wata rana Tabera ta leƙo ta kan shinge, karanta a baki.

"Ke Rereao, me aladen nan ya yi miki? Tun safe kike zaginsa har da kakanninsa."

"Kallona yake yi."

"To kawo karan tsohon in kunna masa, tunda bakinki ya shiga azumi."

"Ki sa bakinki a karan mijina? Yana raye ba ki samu ba, sai yanzu?"

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ni ma na buɗe baki zan yi dariyar, sai kuka ya fito. Ta kashe karanta a ƙasa, ta zagayo ta zauna kusa da ni.

Daga baya hancina ya buɗe. Ashe haka duniya take da wari! Na ji furen da ke bakin hanya, na ji kifin da ake shanyawa can ƙarshen ƙauye. Ran nan ina shara, sai na wuce rigarsa ta zuwa kamun kifi, mai ruwan toka, a rataye a ƙusa tun ranar da ya kwanta. Na tsaya cak. Baraniko ne tsaye a wurin. Gumi, gishirin teku, da taba, duk a wuyan rigar. Na ɗauke ta na kai ƙarƙashin matashinsa, a kan tabarmarsa da ban taɓa naɗewa ba. Duk lokacin da kwaɗayin ya taso kamar zan ciji wani, sai in tusa fuskata a ciki in shaƙa. Allah na gani, rigar nan ce ta riƙe ni.

Ranar da ƙaramin jirgin sama ya sauke su, na je da furen da na kitsa mata. Siririya ce, da manyan idanu, da goshin kakanta sak. Ta ɓuya a bayan ubanta tana leƙena.

Baƙon da ya fara taka tsibirinmu Marakei ba ya shiga gida sai ya zaga tsibirin, teku a damansa, ya gaida iskoki huɗu mata masu tsaronsa a wurarensu, ya ajiye wa kowacce taba. Kaitira ya ari babura biyu. Ya zo da baƙar taba a ɗaure cikin leda, ya miƙo mini, don ni ce babba, ni zan yi magana. Yana miƙowa yana kallon hannuna.

"Kallon me kake mini? Cinyewa zan yi?"

A kowane wuri na karya guntu, na sa a ƙarƙashin dutse, na ce ga Meretia 'yar Kaitira ɗan Baraniko, jininmu ce, ku san ta, ku tsare ta. Ƙamshin yana hawowa har cikin kaina, yawu ya cika mini baki. A wuri na ƙarshe guntu ya rage. Na haɗa shi na tura ƙarƙashin dutsen, na wanke hannuna da yashi da ruwan teku har fatar ta yi ja. Kaitira ya gani. Ya ce, "Sannu, Mama," a hankali, irin yadda ubansa yake faɗa.

Muka dawo rana ta take. Yarinya ta ci kifi da shinkafa, barci ya kama ta. Na ɗauke ta na kwantar a wuri mafi daraja a gidana, tabarmar kakanta, kanta a matashinsa.

Muna waje muna hira sai muka ji wani fito siriri daga ɗaki. Kaitira ya zabura. Muka same ta zaune, kafaɗunta suna hawa suna sauka, bakinta a buɗe, idanun nan sun firfito. Ya fito da ita iska a guje, ya sa mata abin shaƙarta a baki, yana shafa bayanta. Ni ina tsaye kamar turmi. Sai da numfashin ya dawo, ta kwantar da kai a ƙirjinsa, sannan ya ɗago.

"Mama, kin ce kin bari."

"Na bari mana!"

"Ɗakin nan warin taba yake."

"Zo ka shinshina bakina, mara kunya! Ka tambayi Tabera, ka tambayi aladen can! Ka san abin da na sha kafin ka sauko daga jirgi da tsabtatacciyar rigarka?"

Ya ba ni yarinyar, ya shiga ɗakin. Ya fito da matashin a hannu ɗaya, rigar a ɗayan.

"Wannan fa?"

"Rigar ubanka ce."

"Taba ce, Mama. Ita da matashin da tabarmar, duk taba ce."

"Ubanka ne!"

Ya kai rigar hancinsa. Na ga idonsa ya cika, ya juya mini baya. Da ya yi magana muryar ba tasa ba ce.

"Na sani. Ni ma shi nake ji." Ya share fuska da bayan hannu. "Amma in kayan nan suna gidan, da ita zan koma."

"In kulle rigar a akwati. In kai ɗakin girki."

"Ki ɗauko ki sa a fuskarki, sannan ki zo ki rungume ta?"

Na so in zage shi, amma gaskiya ya faɗa, haka zan yi. Meretia tana jikina, ƙirjinta har yanzu yana ɗan kuka a hankali, yatsunta sun riƙe wuyan rigata gam. Ko yini guda ba ta yi da sanina ba, amma ta riƙe.

Tabera ce ta zo ta ɗauke tabarmar da matashin. Ban tambaye ta inda ta kai su ba. Rigar kuwa na ce ba mai taɓa ta sai ni. Da safe na kai ta bakin rijiya. Ruwan farko ya fito kamar shayi. Ban iya zubar da shi a ƙasa ba, sai na ɗauki bahon na kai kabarin, na tsiyaye masa a hankali ta wajen kai. Na ce, "Ga naka, tsoho. Shi ke nan fa, babu wani." Na koma na sa sabulu, na cuɗa, na ɗauraye, na sake cuɗawa, har ruwan ya fito fari tas.

Jirgi ya tafi da Kaitira shi kaɗai. Da yamma Meretia ta biyo ni, muka zauna a gefen kabarin, tana wasa da ɓawon kwakwar da ba komai a ciki.

"Kaka, yana jin mu?"

"Da yana ji. Yanzu ban sani ba."

Ta ja numfashi mai tsawo, ba fito, ba tari, ta tashi tana bin kaza. Na je igiya na sauke rigar, ta bushe ƙamas. Na tusa fuskata a wuyanta, na shaƙa iya ƙarfina, da wannan hancin nawa da ya buɗe yana jin komai har ƙarshen ƙauye. Sabulu ne kawai.